Layin Ko-ta-kwana Domin Kanti da Ofis

 Zancen kimiyya na yau na 'yan kasuwa ne, musamman waɗanda cinikinsu ya rataya a kan intanet, kamar mai kanti da ke karɓar kuɗi da kati, da mai aika wa mutane kuɗi gida, da mai sayar da tikitin jirgi, da telan da a ke ba aiki ta waya. Ko a Nima ta birnin Akra mutum ya ke, ko a Jidda, ko a London, damuwarsu duk ɗaya ce. Da zarar layi ya yanke, na'urar karɓar kuɗi ta yi shiru, wayar tebur ta daina ƙara, sai mai saye ya ajiye kayan da ya zaɓa ya nufi kantin gaba.

Maganin wannan shi ne a tanadi layi na biyu, wanda ke bin hanyar wayar salula, ya zauna yana jira. Kuɗinsa ba su da yawa, haɗa shi kuma ba shi da wuya. Amma akwai sharaɗi guda wanda dukan zancen ya rataya a kansa. Layin ko-ta-kwana ba ya amfanar mai shi sai in abin da ya kashe layin farko ba zai iya kashe shi ba. Mutumin da ya kafa famfo biyu a gidansa, alhali kuwa bututu ɗaya ke kawo musu ruwa, ran da bututun nan ya fashe sai ya tarar famfo ɗaya gare shi tun asali. Wanda ya haƙa rijiya kusa da famfonsa shi ne ya yi tanadi.

Abin da ya faru a Afirka ta Yamma da Kanada

Galibin mutane su kan zaci intanet ta sama ta ke bi. Alhali fiye da kashi 95 cikin 100 na saƙonnin da ke tafiya daga wata nahiya zuwa wata ta ƙarƙashin teku su ke bi, cikin waɗansu wayoyi masu zaren gilashi. A can cikin zurfi, kaurin irin wannan waya bai fi na tiyon ban ruwa ba. Kowace shekara a kan sami ɓarna wajen 150 zuwa 200 a wayoyin nan, yawanci saboda komar masunta da angar jiragen ruwa. Ba a cika ji ba, domin in ɗaya ta tsinke sai a karkata saƙonni zuwa wata.

To, ran 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu ne suka lalace kusan lokaci guda a tekun da ke gaban Kwaddebuwa. Sunayensu WACS, da ACE, da MainOne, da SAT-3. Kamfanoni dabam dabam ke da su, amma duk wuri guda suka ratsa, masana kuwa sun fi zaton ƙasa ce ta zaftare a ƙarƙashin ruwa ta haɗa da su. Intanet ta yi rauni ƙwarai a Kwaddebuwa, da Laberiya, da Binin, da Gana, har Nijeriya ta ji a jikinta. Bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Hukumar sadarwa ta Gana ta ba da sanarwa cewa gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar, domin sai jirgin gyara ya taso daga nesa, ya lalubo wayar, ya ɗago ta sama, sa'an nan a ɗinke ta. Ɗaya daga cikin jiragen da suka yi aikin, mai suna Léon Thévenin, daga Afirka ta Kudu ya taso. A Gana kamfanin AT ne ya fi samun sauƙi, saboda yana da hanyar da ba ta bi ta wurin ɓarnar ba, har mutane suka yi ta tururuwa suna sayen katinsa. Wanda ya riga ya mallaki katin tun kafin ran nan bai shiga wannan wahala ba.

Misali na biyu daga Kanada ya ke, ya kuwa fi na farko ban mamaki, domin ba abin da ya tsinke. Ran 8 ga Yuli, 2022, ma'aikatan kamfanin Rogers suka yi kuskure wajen gyara tsarin manyan na'urorinsu. Nan da nan mutum fiye da miliyan 12 suka rasa layi, kusan yini da kwana. Intanet ta gida da ta salula duk suka mutu tare, saboda cibiya ɗaya ke juya su. Tsarin biyan kuɗi da katin banki da a ke kira Interac ya tsaya a duk faɗin ƙasar, waɗansu ma suka kasa kiran lambar neman agaji. Su kansu injiniyoyin kamfanin da layin kamfanin su ke magana da juna, sai da aka aika musu da katunan waɗansu kamfanoni tukuna suka iya haɗa kai a kan gyara. Duk ɗan kasuwar da layinsa na kanti da na ko-ta-kwana suka fito daga wannan kamfani ɗaya, ran nan bai ga amfanin kuɗin da ya kashe ba.

Zaɓen kamfani

Saboda haka aikin farko shi ne zaɓen kamfanin da ba shi da dangantaka da na layin farko. A nan akwai wani tarko. Kamfanoni da yawa masu sayar da katin waya ba su da ƙarfen sabis ko ɗaya na kansu, hayar na wani su ke yi. A Ingila, giffgaff a kan ƙarafan O2 ya ke tafiya, Lebara kuma a kan na Vodafone. A Amurka, Cricket mallakar AT&T ne, shi ya sa da layin AT&T ya ɗauke ran 22 ga Fabrairu, 2024, masu Cricket ma suka shiga ciki. Suna biyu ne, hanya ɗaya. Kafin mutum ya biya kuɗi, sai ya tambaya, "Wannan kati, ƙarfen wane kamfani ya ke hawa?"

Bayan wannan sai a gwada ƙarfin sabis a cikin kantin kansa. Abin da maƙwabci ya faɗa ba hujja ba ne, domin bango guda na kankare, ko rufin kwano, ya isa ya sāke al'amari. A ari wayoyi masu katunan kamfanoni biyu ko uku, a gwada da safe, a gwada da azahar, a kuma gwada da almuru lokacin da jama'a suka fi cunkushe layi. Sandunan nan da ke fitowa a goshin waya ba su cika faɗin gaskiya ba. Yawancin na'urori su kan nuna ƙarfin sabis da wata lamba mai alamar ɗebewa a gabanta. In ta nuna wajen -80, sabis na da kyau ƙwarai. In ta kai -110, ya yi rauni, sai a matsa da na'urar kusa da taga, ko a ɗaga ta sama, ko a kafa mata eriya a waje.

Na'urori iri uku

Hanya mafi araha ita ce wayar hannu. Kusan kowace waya ta zamani tana iya rarraba intanet ɗinta ga waɗansu na'urori ta Wi-Fi, abin da a ke kira hotsifot. Tsohuwar waya da ke kwance a aljihun tebur ta isa wannan aiki. Dabara a nan ita ce a ba hotsifot ɗin suna da kalmar sirri daidai da na Wi-Fi ɗin kanti. In layi ya yanke, sai a kashe akwatin kanti a kunna na waya, na'urori su kama da kansu, ba sai an bi su ɗaya ɗaya ba. Aibinta shi ne sai da mutum a wurin, wayar kuma ta kan yi zafi in aiki ya yi tsawo, ba ta kuwa ɗaukar na'urori da yawa.

Hanya ta biyu ita ce ɗan akwatin nan na aljihu da a ke sa wa kati, wanda aka fi sani da MiFi. Yana da batir nasa, ya kan yi awoyi yana aiki, ya kuma fi waya juriya. Ya dace da mai shago ɗaya, mai na'ura uku ko huɗu. Shi ma dai sai an kunna shi da hannu.

Hanya ta uku ita ce ta ofis ko kantin da ba ya son tsayawa ko na minti biyar. Ita ce rauta mai ƙofa biyu. Rauta shi ne akwatin da ke karɓar intanet daga waje ya rarraba ta a cikin gida. Mai ƙofa biyu ya kan karɓi layin waya ta ƙofa ɗaya, ta ɗayar kuma ya karɓi na salula, ko dai ta katin da aka sa a cikinsa, ko ta wani ɗan akwati da aka jona masa. Aikinsa kamar na mai gadi ne da ke kiran abokinsa cikin dare don ya tabbata yana nan. Bayan kowane ɗan lokaci, a ce sakan 10, sai ya aika da ɗan saƙo ta layin farko zuwa wani adireshi da aka san kullum yana amsawa, kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. In ya kira sau uku a jere bai ji amsa ba, sai ya juya dukan aiki zuwa layin salula. Watau cikin rabin minti ciniki ya komo. Yana nan kuma yana ta gwada layin farko, da ya ga ya warke sai ya mai da aiki can.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su wajen saita shi. Na ɗaya, lalle a sa shi ya riƙa kiran adireshin waje. Waɗansu rautoci, in ba a saita su ba, abin da su ke dubawa kawai shi ne ko waya na jone, alhali sau da yawa fitilar akwati na ci, intanet kuwa babu. Na biyu, kada a sa shi saurin komawa. Layin da ke zuwa yana ɗaukewa zai sa shi ya yi ta kai da kawowa, kowane juyi kuwa sai ya yanke maganar da a ke yi. A bar layin farko ya yi minti biyu ko uku yana lafiya tukuna.

Wajen saye, a nemi wanda ba a kulle shi ga kamfani ɗaya ba, don in sabis ya lalace a canza kati kawai. A tabbata kuma yana kama 4G aƙalla. Na hannu ba laifi ba ne, amma a yi hattara da tsohon yayi mai 3G kaɗai, domin manyan kamfanonin Amurka uku sun rufe 3G tun 2022, na Ingila kuma sun bi sawu bayan haka. Araha ba ta ado.

Lissafin data

Abin da ke tsoratar da mutane shi ne kuɗin data, amma in an zauna an yi lissafi sai a ga aikin ciniki ba shi da ci. Biyan kuɗi guda da kati ɗan saƙo ne ƙanƙane. Maganar waya ta intanet, mai kyawun sauti, ba ta wuce megabait ɗaya da ɗan ɗori a minti ba, kai da kawowa, watau wajen megabait 80 a awa. Ofis mai wayar tebur uku, in kowace ta yi awa guda ana magana, megabait 240 ke nan. A haɗa da wasiƙu, da saƙonnin WhatsApp, da lissafin kaya, gigabait 1 zuwa 2 sun isa ƙaramin kanti yini guda.

Masu cinye data su ne bidiyo, wanda ke iya lashe gigabait 1 zuwa 3 a awa in hoton mai kyau ne, da kyamarorin tsaro masu aika hoto waje, da kwamfutar da ta tashi sabunta kanta, da wayoyin baƙi da ke shan Wi-Fi ɗin kanti. Rauta mai kyau ya kan yarda a jera masa na'urorin da za su hau layi na biyu, a hana sauran. In ba shi da wannan, sai a kafa doka a kanti, ran da aka koma layin ko-ta-kwana ba kallo, ba kuma Wi-Fi ga baƙi.

Har wa yau a tuna, katin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani ya kan rufe shi, har ya ba wani lambar. Data kuma tana da ranar ƙarewa. Saboda haka a nemi tsari mafi ƙanƙanta mai sabunta kansa kowane wata, wanda a ke iya ƙara masa nan take ran da bukata ta taso.

Wayar tebur

A da, wayar tarho tana samun wutarta daga ofishin waya, ta cikin wayar tagullar da ke kawo magana. Shi ya sa ko an ɗauke lantarki a gida, tarho na nan yana aiki. Wannan tsari yana shuɗewa a ƙasashe da yawa. A Ingila, a shekarar 2024, kamfanin BT ya tsai da watan Janairu na 2027 domin rufe tsohon tsarin. Sabuwar wayar tebur ta intanet ta ke bi, wutarta kuma daga bangon kanti ta ke sha. In ɗayansu ya ɗauke, ta mutu.

In rauta ya juya zuwa layin salula, maganar da a ke cikin yi ta kan yanke, domin adireshin kantin a intanet ya sāke. Bayan ɗan lokaci wayar ta kan sanar da kamfaninta sabon wurin da ta ke, kira ya ci gaba da shigowa. Wannan ɗan lokacin ana iya rage shi a cikin saitin wayar. Akwai kuma wata matsala. Kamfanonin salula su kan haɗa mutane da yawa a ƙarƙashin adireshi guda, saboda haka abin da ke neman shigowa daga waje, kamar mai kanti da ke son leƙa kyamararsa daga gida, ya kan rasa ƙofa. Wani lokaci ma a kira, ɗaya na jin ɗaya, ɗayan ba ya ji. Ba a gane wannan sai an gwada.

Tanadi mafi sauƙi a nan ba ya cin ko kwabo a wurin kamfanoni da yawa. A roƙi kamfanin wayar ya saita lambar kanti, ta yadda in ba a same ta ba kira zai wuce kai tsaye zuwa wayar hannun mai kanti. Wannan a can wurinsu a ke yinsa, don haka yana aiki ko da kantin ya yi duhu ɗungum. Shi kuma mai kanti ya riƙe kati biyu na kamfanoni biyu a wayarsa. Masu karɓar kuɗi ta waya su san lambobin nan da a ke dannawa, kamar *170# ta MTN a Gana, domin ba sa bukatar data, sau da yawa kuwa su kan yi aiki lokacin da intanet ta ƙi.

Lantarki

Abu na uku da ke iya kashe layi biyu tare shi ne wuta. Rauta mai ƙofa biyu, in ba lantarki, akwati ne kurum. Sa'ar da aka yi ita ce na'urorin nan ba su da shan wuta. Rauta ya kan sha wajen wat 10, in an haɗa da akwatin layin gilashi da wayar tebur ɗaya, a ce wat 20 duka-duka. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya 7, irin wanda ke cikin akwatin ajiyar wuta na kwamfuta, a lissafi zai riƙe su awa huɗu, domin 12 sau 7 shi ne 84, a raba da 20. A aikace kada a sa ran fiye da awa biyu zuwa uku, domin wani kaso na wutar ya kan salwanta, batir kuma yana tsufa. Kada a jona masa firiji, ko fanka, ko na'urar buga takarda. Wanda ke inda a ke yawan ɗauke wuta sai ya nemi batir da ya fi wannan girma, ko ya haɗa da faifan hasken rana.

Amma a sani, shi ma ƙarfen sabis da batir ko janareto ya ke dogara. Ran 28 ga Afrilu, 2025, wuta ta ɗauke da tsakar rana a kusan dukan Sifen da Fotugal. Da awoyi suka yi ta wucewa, batiran ƙarafan suka ƙare, wayoyin hannu suka yi ta mutuwa unguwa unguwa. A irin wannan rana ba layin da zai ceci ciniki, sai littafin rubuta bashi, da 'yan canji a aljihun tebur. Su ma suna cikin tanadi.

Gwaji da awon riba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Layin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana nan ba. Sau ɗaya a wata, kafin a buɗe kanti, a zare wayar layin farko, a duba agogo a ga sakan nawa za a yi kafin na biyu ya kama. A biya ɗan kuɗi da kati, a kira lambar kanti daga waje, a tabbata kowa na jin kowa. Sa'an nan a kashe wuta daga bango a ga ko batir zai riƙe. A rubuta matakan a takarda, a manna kusa da rauta, domin mai yiwuwa ran da abin zai faru yaron kanti ne kaɗai ke nan.

Ko wannan tanadi ya cancanci kuɗinsa? Kowa ya auna da cinikinsa. A ce kanti na sayar da kayan sidi 2,400 cikin awa 12, watau sidi 200 ke nan a awa. In rabin masu saye da kati ko da waya su ke biya, kowace awa da layi ya yanke sidi 100 sun tafi. Mai kanti ya ƙidaya awoyin da layinsa ya yi a mace bara, ya ninka, ya kwatanta da kuɗin na'ura da na data na shekara. Wanda asararsa kaɗan ce, tsohuwar waya da katin wani kamfani sun ishe shi. Wanda asararsa ta fi haka, rauta da batir za su fanshi kansu.

To, jama'a, kowace hanya mutum ya zaɓa, tambayoyi uku ne zai yi wa kansa kafin ya ce ya yi tanadi. In kamfanin layin farko ya faɗi, na biyun zai tsaya? In wuta ta ɗauke, na'urorin za su ci gaba? Yaushe rabon da a zare waya a gwada? Wanda ya amsa ukun nan yadda ya kamata, ran da layin unguwa ya yanke, kantinsa na buɗe, wayarsa na ƙara. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Sai wani mako.